Luguman a Ƙarƙashin Jirginsa

Shekara ashirin da shida Luguman Fulu yana bin kumfa. Aikinsa ke nan. Zai kwashi baƙi masu nutso a doninsa, wato jirgin ruwansa na katako, mai suna Asuruma, ya kai su dutsen murjanin nan na Mulikolu da ke can tsakiyar teku, tafiyar sa'a guda daga tsibirinmu na Hirifaru. Su goya tukwanen iska su faɗa ruwa, shi kuma ya tsaya a bayan jirgi, ƙafarsa ta dama a kan sandar tuƙi, yana bin kumfar numfashinsu duk inda ta yi har su fito. Da ƙafa ake tuƙa doni irin na da. Hannu na riƙe kofin shayi ne da yi wa mutane faɗa. Yatsun ƙafar Luguman har sun lanƙwashe sun ɗauki siffar sandar, shi ya sa takalmi sau-ciki bai taɓa zauna masa daidai ba.

Ya san kumfa kamar yadda uwa ta san kukan 'ya'yanta. Ta matsoraci ƙanana ce, a jere, ba hutu. Ta tsohon hannu takan taso da faɗi kamar faranti, ta baje, a jima kafin wata ta biyo. Akwai ranar da ya dubi ruwa ya ce wa ma'aikatansa, "Mijin nan da matar nan faɗa suke yi a ƙasa." Aka yi masa dariya. Da suka fito, matar ta zauna a goshin jirgi, mijin a baya, ba wanda ya ce wa wani uffan har aka iso gida.

Amma shi bai taɓa sauka ba. Ba tsoron ruwa ba ne, mutumin da aka haifa a tsibirin da za ka zagaye shi kafin shinkafa ta nuna ba ya tsoron ruwa. Kawai dai babu ranar da ya ga wanda zai bar wa jirgin.

Abu guda yake so ya gani a can ƙasa, ƙaton kifin nan shak mai kan guduma. Sau ɗaya ya taɓa ganinsa, a mace, tun zamanin da ake kama shak don a shafe katakon jirgi da man hantarsa. Mahaifinsa ya jawo shi kan rairayi. Ga kai a shimfiɗe kamar allon karatu, ido ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan, tsakaninsu ya kai kamu biyu. Tun daga ranar abin yake cin Luguman. Idon dama ya san abin da na hagu yake gani? In abu ya zo masa ta gaba sosai, da me yake kallonsa? Ya tambayi malamin makaranta, ya tambayi liman, ya tambayi wani Bajamushe mai gemu da aka ce karatun kifi ya yi har ya ƙure. Kowa ya ba shi amsa, babu wadda ta gamsar da shi. Yana so ya ga abin da ransa, yana tafiya, yana juya wannan kan nasa.

A Mulikolu suke fitowa, da sassafe kawai, kafin rana ta ɗaga, a lokacin iskar gabas. Su taso daga zurfi su yi zagaye ɗaya ko biyu a gefen dutsen, su koma. Sau ɗari nawa ya tsaya a samansu, Allah kaɗai ya sani.

To, bana sai ƙodar matarsa Sulaiha ta gaza. Likita ya ce wankin ƙoda sau uku a mako, kuma injin yana Male, babban birni. 'Yarsu da ke can ta gyara musu ɗaki a gidanta, bene hawa na tara. Jirgin fasinja zai tashi ranar Alhamis da ƙarfe bakwai na safe, Asabar a sa Sulaiha a inji. Mai shekara sittin da ɗaya da ya hau bene hawa tara da matar da ba ta da lafiya ya san ba tafiyar dawowa ba ce.

Wata biyu kafin nan ya je wurin Rishfa, 'yar ƙanwarsa, wadda ita ce ke koya wa baƙi nutso kuma take jagorantarsu a ƙasa. Ya ce ta koya masa. Ta koya masa daga bakin gaɓa, ba jirgi, kullum bayan la'asar, mataki bayan mataki, har ya iya sauka mita talatin bai rikice ba. Ta ce ba ta taɓa samun ɗalibi mai sanyin numfashi irinsa ba.

Sai aka zo kan wanda zai riƙe Asuruma, aka tsaya cak.

Ran Asabar aka kawo masa mutum na farko, ya ce wannan da hannu yake tuƙi kamar mai tuƙin tuwo. Ran Lahadi aka kawo na biyu, ya ce idonsa na yawan zuwa kan waya. Ran Litinin an kai har Mulikolu, ya sa kaya, ya zauna a gefen jirgi ƙafafunsa na lilo a kan ruwa, sai ya ji yadda na ukun ya rage wutar inji. Ya tuɓe kayan ya ce a ba shi sandarsa. A ranar baƙi suka ga masu kan guduma bakwai.

Ran Talata da yamma Rishfa ta same shi a shagon shayin bakin tasha, ya tasa faranti na gula, soyayyun ƙwallayen kifi, a gaba bai ci ko ɗaya ba. Ta ja kujera ta zauna ba tare da an ce mata bismilla ba.

"Kawu, saura gobe."

"Na iya ƙidayar kwana."

"Ka iya korar mutane ma. Uku cikin kwana uku. Duk Hirifaru mutum ɗaya ya rage da zai yarda ya hau jirgin nan."

Bai tambaye ta ko wane ne ba, don ga shi nan ya shigo yana taunar fo, goron mutanen tsibiri, bakinsa ja wur. Jaufar ne, ƙanin Sulaiha, wanda ya yi shekara goma sha biyar yana tuƙa kwale-kwalen gudu na wani otal kafin ya dawo gida da tumbi da agogon hannu mai nauyi. Tun ranar ɗaurin auren yayarsa yake tsokanar Luguman, bai huta ba.

"Mijin yaya! An ce ana neman ƙwararre."

"Shi ya sa nake mamakin ganinka."

Jaufar ya sa hannu ya ɗauki gula biyu a farantin. "Ni da na tuƙa inji mai doki ɗari biyar, wannan akwatin naka mai tari ne zai gagare ni?"

"Dokinka ɗari biyar sun iya tsayawa wuri ɗaya? Aikin nan ba gudu ba ne, haƙuri ne. Kai kuwa ko a sahun salla ba ka iya tsayuwa ba sai kana sosa ƙeya."

"Wanzami dai ba ya son jarfa. Shekara nawa kana jefa 'ya'yan mutane a ruwa kana ce musu kada su damu? Yau an zo kanka."

Rishfa ta buga tebur da tafin hannu, cokulan shayi suka yi ƙara. "Ku biyun nan kun ishe ni. Kawu, ko Jaufar ko babu. In babu, ka faɗa mini yanzu in mayar da kayanka ɗakin ajiya in huta."

Luguman ya dubi tasha, inda Asuruma take ɗaure tana ɗan rausaya. Sannan ya ture farantin gaban Jaufar.

"Ci ka ƙoshi. Gobe ba za ka tauna komai a bayan jirgina ba."

Ran Laraba ana sallame asuba suka tashi. Baƙi huɗu ne, biyu daga Italiya, da wani saurayi ɗan Koriya mai kyamara kamar tukunyar miya, da wata tsohuwa 'yar Japan da take zuwa duk shekara. Luguman ne ya tuƙa har can. Duk tsawon hanyar bakinsa bai rufu ba.

"Kada ka tsaya a kansu, ka tsaya ƙasan ruwa da su, inda ruwa zai kawo maka su. Kada ka matsa kusa da dutse, akwai wani kai da yake ɓoye a kudu. In za ka sa giya ka duba baya tukuna. Kada ka ba ta wuta da yawa, ba ta so."

"Na ji."

"Ba ka ji ba. Kumfa za ka bi, ba zuciyarka ba. In kumfa ta rabu biyu, ka bi wadda ta fi haukacewa, mai ita ne yake cikin damuwa. Ka manne mata, duk inda ta juya ka juya."

"Na ji, Keyolu, shugaban jirgi. Saura kuma in yi mata waƙa ko?"

Gabas ta fara ja sa'ad da suka isa. Mulikolu ba ya fitowa sama, sai dai ka ga ruwa ya canza launi, daga baƙi ya koma kore, yana ɗan tafasa a gefe. Rishfa ta faɗa ita kaɗai ta duba jan ruwa, ta fito ta ce yana shigowa daga gabas, a hankali, daidai yadda ake so. Ta dubi kawunta da ya riga ya sa ɗamarar darma da takalman agwagwa, tukunya a baya.

"Kawu, saurara. Za mu sauka ta gefen dutse, sannan mu fita fili mu tsaya a mita talatin. Minti goma sha biyar muke da shi a can, ba ƙari. Ta ƙasa suke zuwa. Idonka ƙasa. In ka ji na buga tukunyata da ƙarfen nan, sun zo ke nan. Ƙasa, Kawu."

"Sai ka ce yaro."

"Yaro ya fi ka jin magana."

Ya ɗaga ƙafarsa daga kan sandar. Jaufar ya ɗora tasa, faffaɗa, mai farin tafi irin na wanda ya daɗe cikin takalmi. Luguman ya kawar da kai. Ya yi bismilla, ya dafe gilashin fuskarsa, ya taka iska.

Da farko komai ya tafi daidai. Ya toshe hanci ya hura, kunnuwa suka buɗe. Ruwan na ɗauke da wasu ƙananan abubuwa masu ƙyalli kamar an watsa garin gilashi. Gefen dutsen ya bayyana a damansu, a tsaye kamar katangar masallaci, kuma ba inda za ka sa yatsa ba ka taɓa mai rai ba. Ga kifayen nan masu baki irin na aku suna gurgurar murjani, ƙurus ƙurus, suna kasayar da farin rairayi a bayansu. An ce duk rairayin da muke shimfiɗa tabarma a kai daga cikinsu ya fito, ka ji ikon Allah. Ga wani dogon kifi kamar maciji ya leƙo daga rami, baki a buɗe, yana rufewa yana buɗewa kamar tsoho na gyangyaɗi bayan azahar. Wani ɗan mitsitsin kifi ya shiga bakin nasa yana yi masa sakace, bai haɗiye shi ba. Kunkurun ruwa ya wuce su ko kallo ba su ishe shi ba. Can ƙasa kaɗan shak uku irin na kullum, masu farin ɗigo a fiffike, suna kai da kawowa kamar masu jiran jirgin fasinja. Luguman bai damu da su ba. Irinsu ko daga kan tasha ana gani in an zubar da kan kifi.

Rishfa ta yi musu alama, suka juya wa dutsen baya suka fita fili.

Nan babu komai. Babu ƙasa, babu gefe, shuɗi ne kawai, sama ya fi haske, ƙasa ya fi duhu. Suka jeru a mita talatin suna rataye kamar wankin da aka shanya. Luguman ya harɗe hannu a ƙirji yadda aka koya masa, ya zuba ido cikin duhun da ke ƙarƙashin ƙafafunsa. Zuciyarsa a kwance. Ya ji numfashinsa na fita da faɗi, a hankali, ya ce a ransa, ga kumfar tsohon hannu.

Minti uku. Minti huɗu.

Sai ya ji inji.

Ba wanda ya taɓa gaya masa yadda ruwa yake kai ƙara. A sama, da kunne kake jin inji. A nan ƙasa da haƙarƙari kake jinsa. Kuma muryar Asuruma ce, wadda zai gane ko cikin jirage ɗari, sai dai an matsa mata fiye da yadda take so. Kaɗan ne, wani ba zai lura ba. Ya ce bari ya ɗan duba sau ɗaya.

Ya ɗaga kai.

Can sama, a kan ruwa mai haske kamar faifan azurfa, ga ta nan. Bai taɓa ganin cikinta daga ƙasa tana tafiya ba. Doguwa, baƙa, siririya fiye da yadda ya zata, farfela na walƙiya a bayanta. Sai kuma ya lura da inda take. Ba ƙasan ruwa take ba. A kansu take, daidai tsakar kansu, goshinta ya ɗan karkata wajen dutse.

Hagu, ya ce a ransa. Kawo ta hagu, ɗan otal.

Bai san sa'ad da ƙafarsa ta dama ta tura ba. Shekara ashirin da shida, in zuciya ta ce hagu, ƙafa ce take amsawa, ba ta taɓa neman izini ba. Amma yau ba sanda a ƙarƙashinta, takalmin agwagwa ne mai tsawon kamu biyu. Ta tura ruwa, jikinsa ya juya ya zame gefe. Ya sake ɗaga kai ya nemo jirgin. Ga shi ya juyo, amma ta inda bai kamata ba. Ƙafar ta sake turawa, da ƙarfi wannan karon. Ya sake zamewa. Jirgin ya sake juyowa, injin ya yi gurnani, aka sa giyar baya ba tare da an rage wuta ba. Ƙarar ta shiga haƙoran Luguman kamar ya tauna tsakuwa a shinkafa.

Zai kashe ta. Wallahi zai kashe mini ita.

Ya zagi Jaufar cikin bututun numfashi, zagin ya fita kumfa. Ya ɗaga hannu yana yi wa jirgin nuni, kamar mai nisan mita talatin a sama zai gani. Ƙafa na tuƙi, jiki na zagayawa, jirgi na zagayawa a sama.

Ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Ya ji. Kada wani ya ce bai ji ba. Ƙarfen Rishfa ne a kan tukunya, kuma ya san ma'anarsa sarai. Amma a daidai lokacin goshin Asuruma ya miƙe sosai wajen kudu, inda kan dutsen nan yake ɓoye. Ya ce a ransa, yanzun nan, bari ta gyaru tukuna, numfashi ɗaya kawai.

Ƙwan ƙwan ƙwan ƙwan ƙwan.

Yanzun nan.

Jirgin ya karkata, ya kauce, ya dawo. Wani abu ya damƙe masa idon sawu ya fizgo. Rishfa ce. Idanunta a cikin gilashi sun fito kamar za su faɗo. Ta sa hannu ta kama ƙeyarsa, ƙeyar kawunta, yayan mahaifiyarta, ta danna kansa ƙasa da ƙarfi.

Shuɗi.

Ya ware ido har suka yi zafi. Can nesa, inda shuɗin ya koma baƙi, kamar akwai wani toka-toka da ya motsa. Ko wutsiya ce, ko inuwa, ko ruwan da ya taru a gilashinsa. Ba abin da mutum zai rantse a kai ba ne. Ya ƙifta ido, babu.

Ya dubi sauran. 'Yan Italiya sun rungume juna. Ɗan Koriya ya ƙanƙame kyamararsa a ƙirji. Tsohuwar 'yar Japan ta haɗa tafukanta biyu tana sunkuyar da kai ga zurfin. Ya juya ga Rishfa ya buɗe hannu, yana tambaya. Ta nuna masa agogon hannunta. Ya ɗaga yatsa biyu, minti biyu. Ta girgiza kai. Ya ɗaga ɗaya. Ta jawo ma'aunin iskarsa ta kai masa har gaban gilashi. Allurar ta shiga ja. Mai sanyin numfashi ya shanye tukunya guda cikin minti goma sha biyu. Ta ɗaga babban yatsa sama, alamar a fita, kuma ba shawara take nema ba.

Ba a fita daga zurfi da gaggawa. Dole a tsaya a mita biyar, minti uku, jini ya huce. Luguman bai taɓa sanin minti uku na da tsawo haka ba. Ruwa ya mayar da su kan dutsen, rana ta fito, komai ya ɗauki launi. Garken wasu kifaye rawaya, sun fi dubu, suka kewaye shi suna juyawa tare kamar mutum ɗaya. Wata halitta mai hannuwa takwas ta sauya launi sau uku a gabansa. Ya kalle su kamar yadda mai jin yunwa ke kallon furanni.

Jaufar ne ya miƙo masa hannu a bakin tsani. Luguman bai karɓa ba. Ya hau da kansa, ya tofar da bututun, tun bai tuɓe tukunya ba ya fara.

"Me na ce maka? Me na ce maka game da tsayawa a kan mutane? Giyar baya da wuta! A jirgina! Zagaye kake yi kamar kaza ta sha bugu a ka!"

Jaufar ya yi sororo. Babu fo a bakinsa, kuma rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi.

"Keyolu, ai abin da ka ce na yi. Ina ƙasan ruwa abina, iska ta ɗan turo ni, na ba ta wuta kaɗan in gyara. Sai kumfa ɗaya ta ware daga sauran ta haukace. Ka ce in manne mata. Ta yi dama na yi dama, ta zagaya na zagaya. Sau shida tana zagayawa! Na ce wani bawan Allah yana mutuwa a ƙasa, har na fara karanta masa Yasin. Wai wane ne?"

Rishfa tana kwance ɗamararta, ba ta ɗago ba.

Jaufar ya dubi Rishfa, ya dubi Luguman, ya dubi ƙafar Luguman ta dama da har yanzu take ɗan motsi cikin takalmin agwagwa. Bakinsa ya buɗe. Kowa ya ga dariyar ta taso masa tun daga tumbi. Sai ya dubi fuskar mijin yayarsa, ya haɗiye ta. Wannan haɗiyewar ta fi dariyar yi wa Luguman ciwo.

"Nawa suka zo?" Luguman ya tambayi Rishfa, murya ƙasa.

"Goma sha huɗu."

"Kusa?"

"Kawu, bari."

"Na ce kusa?"

"Babbar cikinsu, mace, ta bar sauran ta taso. Ina jin motsinka ne ya jawo ta. Ta bi ta ƙarƙashin ƙafarka, da ka miƙe yatsu da ka taɓa ta. Ta zagaya ka sau ɗaya ta tafi. Shekara tara ina sauka nan, ban taɓa ganin sun matso mutum haka ba."

Tsohuwar 'yar Japan ta zo ta kama hannunsa da hannu biyu tana jijjigawa, tana faɗin wani abu da Turanci. Rishfa ta ce cewa take yi shi mai sa'a ne, kuma jarumi, ko kallon kifin bai yi ba. Ɗan Koriya ya matso da kyamararsa yana murna, yana nuna masa ɗan allon bayanta. Luguman ya sa tafin hannu ya rufe allon, a hankali, ya ture.

"A sake sauka," ya ce.

"Sai jikinka ya huta sa'a guda. Kafin nan rana ta ɗaga, sun koma inda tukunya ba ta kai mutum. Kai ka koya mini wannan."

"Gobe."

"Gobe ƙarfe bakwai kana cikin jirgin fasinja."

Jaufar ya yi gyaran murya. "Ko a ɗaga tafiyar zuwa na Litinin? Ni zan yi wa Yaya magana."

Kowa ya ga Luguman yana aunawa. Ya tuna ƙafafun Sulaiha yadda suka kumbura a makon nan har zoben azurfar yatsarta ya nutse.

"Asabar za a sa ta a inji," ya ce. "Matsa."

Jaufar ya matsa. Luguman ya cire takalman agwagwa, ya ɗora ƙafa a kan sanda, ya juya goshin Asuruma wajen gida. Da suka kusa tasha suka hango mutane sun taru, don duk tsibirin an san yau ce ranar, Rishfa ta matso kusa da shi.

"Kawu, in sun tambaya zan ce kana cikinsu. Ba ƙarya na yi ba."

"Ce musu abin da ya faru. In ba ki faɗa ba wancan zai faɗa, ya ƙara gishiri."

Ya ɗaure jirgin da kansa, ya ratsa ta cikin mutanen bai tsaya ba. Yana jin an yi shiru a bayansa, Rishfa na magana, sannan wani ya ce, "Subhanallahi," wani kuma ya kasa riƙe tasa.

Ya tarar da Sulaiha zaune a kujerar igiya a tsakar gida, ƙafafunta a kan bokitin da aka kife, kwalaye da ƙullin kaya sun kewaye ta. Ta dube shi tun daga ƙofa.

"Sun zo?"

"Sun zo. Goma sha huɗu."

"Alhamdu lillahi. To yaya kan nasu yake in suna tafiya?"

Ya tsaya a tsakiyar kayan, gishiri na bushewa a gemunsa.

"Ban sani ba," ya ce.

Shekara talatin da takwas suna tare, ba ta tambaye shi yadda aka yi ba. Ta nuna masa babban kwalin tukwane da ke bakin ƙofar kicin, ta ce tun safe take jiran wanda zai ɗaure shi. Ya ɗauko igiya ya durƙusa. Ya ja ƙullin farko da ƙarfin da kwalin ya lotsa, murfin tukunya ya yi ƙara a ciki.

"A hankali," in ji Sulaiha. "Can ma da su za mu yi girki."